Wasiƙa: Dan Allah a bar wa yaranmu ɗan lokacin wasa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Edita barka da aiki, ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato yadda muka cika wa yaranmu rana da lesin da hadda da kulob da gasa kala-kala, har ta kai yaro ɗan shekara bakwai ba shi da awa ɗaya tak da zai ce tasa ce ya yi abin da ransa ke so. Ni uwa ce, kuma ina koyarwa a wata islamiyyar yamma a nan Kano, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba, kullum a gabana yake faruwa.

Bari in lissafo maka ranar yaro ɗaya a unguwanninmu na cikin gari yanzu. Ana tashinsa da asuba, kafin ƙarfe bakwai mai adaidaita sahu yana ƙofar gida yana hon, a tashi boko wajen ƙarfe biyu amma ba gida zai taho ba don akwai lesin da makaranta ta ce dole ne kuma da kuɗinsa daban, daga nan a guje a sauya yunifom wani ma a cikin adaidaitar zai sauya, ƙarfe huɗu yana islamiyya har shida, bayan magariba ga malamin lesin gida ko makarantar dare, bayan isha'i kuma a zazzage jaka a fara asaimen, na lissafi daban na turanci daban, ga hadda da za a bayar gobe in ba a kawo ba bulala. Asabar da Lahadi tahfiz ne tun safe har la'asar. Dogon hutun nan na watan Agusta da muka sani ana kai yara ƙauye wajen kakanni, shi ma yanzu an yanka shi an ce lesin hutu. To yaushe yaron nan zai zama yaro fisabilillahi?

Akwai wani abu da ban ga mutane sun lura da shi ba. Boko hutunta Asabar da Lahadi, islamiyya kuma hutunta Alhamis da Juma'a kamar yadda muka gada daga makarantar allo. Kowacce a cikinsu ta ba da hutun kwana biyu, amma da yake hutun bai haɗu ba, yaron da ke zuwa duka biyun ba shi da yini guda cikakke a sati da zai tashi ba makaranta a gabansa. Babansa ma'aikaci yana da Asabar da Lahadi, ɗan kasuwa ma yakan rufe shago ya huta, amma ɗan firamare babu. Kuma yammacin Alhamis da Juma'ar da ya rage, shi ne iyaye ke cewa ai ga gurbi nan a saka masa kwamfuta ko ƙarin lissafi.

A ajina na ƙarfe huɗu, wallahi tausayi yaran ke ba ni. Akwai wata ƴar ƙaramar yarinya da ke zama a layin gaba, safar boko na ƙafarta ba ta samu ta cire ba, kular abincinta a cikin jaka ko buɗewa ba ta yi ba, muna cikin biya karatu sai in ga kanta yana sauka a hankali yana sauka har ya kwanta a kan jakar, bakinta kuma bai daina motsi da ayar ba. In na tashe ta me zan koya mata a wannan halin? Wani yaro kuma ranar nan na ji aljihunsa yana ƙara, na ce fito da abin da ke ciki, sai ga marafen kwalbar lemo cike da hannu, kowanne ya goge shi ya rubuta lamba a ciki, wannan gola ne wannan mai tsaron baya wannan shi ke cin ƙwallo, har da ƴar ƙwallon da ya murza da takardar alewa. Na ce yaushe kake bugawa? Ya ce Malama in an fita alwala. Minti biyar ɗin alwala shi ne filin wasansa gaba ɗaya. Na mayar masa da abinsa na ce ya adana sai an tashi.

Kar a ce Malama ta zo tana hana karatu, a'a wallahi. Ni shaida ce a kan amfanin waɗannan abubuwan in an yi su da tsari. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato ta faro a 1986 ta fito da mahaddata maza da mata da suka je har ƙasashen waje suka ɗaga sunan Najeriya, kuma ba a kai wannan matsayin sai da ƙarin lokaci da naci. Na ga yarinya mai kunyar da ko sunanta ba ta iya faɗa da ƙarfi, aka saka ta a ƴar wasan kwaikwayon da muke yi ranar saukar karatu, yau ita ke riƙe lasifika a gaban iyaye ba gargada. Na ga yaran da shiga ƴan agaji ko sikawut ya koya musu tsayuwa a layi da taimakon tsoho da ɗaure rauni. Yaron da ke zuwa shagon ɗinki ko wajen kafinta ko gyaran waya lokacin hutu yana tashi da sana'a a hannu, wannan ba wanda zai ce asara ce. Kuma sanannen zance ne da ake jingina wa Sayyidina Umar cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Amma a duba mana, duk ukun nan jiki ne ke motsi a fili, ba zaman benci ba ne.

Matsalata ke nan da yawancin abin da muke kira ƙarin ayyuka. In ka bincika sai ka tarar ba wani sabon abu ba ne, zaman bencin safe ne aka ƙara masa tsawo, malamin ɗaya allon ɗaya darasin ɗaya, sai dai yaron ya fi gajiya malamin ma ya fi gajiya. Kuma mu faɗi gaskiya, da yawa daga lesin nan ba don yaro aka ƙirƙire shi ba, don kuɗi ne. Malaman makarantun kuɗi albashinsu ba ya kai su ko tsakiyar wata musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, kuɗin lesin shi ke ɗan rufa musu asiri, ban ga laifinsu ba don ni ma malama ce na san zafin abin, amma bai kamata a biya malami da yammacin yaro ba. Mu iyaye kuma akwai gasa a tsakaninmu, ɗan wance ya sauke yana shekara tara, ƴar wane ta yi tsallaken aji ta zana jarrabawar shiga sakandare daga aji huɗu, sai a ɗora a sitatus kowa ya gani, ke ma hankalinki ya tashi ki ce naki ba za a bar shi a baya ba. In ka yi magana a ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, amma Bahaushen da ya faɗi wannan shi ne dai ya ce sauri ya haifi nawa. Yara nawa muka gani sun yi hadda a guje suna ƙanana, suka kai shekara sha biyar ta zube saboda ba a ba ta lokacin zama ba, wasu ma har sun tsani ganin allo.

Ƴan uwana mata za su fahimce ni, ƙullun waina in kin haɗa shi sai kin rufe kin bar shi ya tashi da kansa, in kika tsaya a kansa kina buɗewa kina juyawa kina ƙara wannan kina ƙara wancan ba zai yi auki ba. Kan yaro ma yana buƙatar a ɗan ƙyale shi.

Kuma wasan da muke rainawa ɗin nan makaranta ce babba wadda ba a biyan ko sisi. A tuna dandali da farin wata. A langa yaro zai kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, an zaɓi ɗaya da ake kira ruwa sauran suna kare shi har ya kai wurin sha, wa ya koya musu raba ƙungiya, wa ya koya musu cewa mai ƙarfi shi zai tsaya gaba ya tare, ba kowa, su suka tsara abinsu. In gardama ta tashi, wane ya saki ƙafa wane bai saki ba, ba malami ba alƙalin wasa, dole su sasanta da kansu don in ba su sasanta ba wasa ya watse kowa ya yi asara, a nan yaro ke koyon haƙuri da lallashi da tsayawa a kan gaskiyarsa da kuma karɓar kaye ba tare da ya je ya kai ƙara ba. Mai fushi ya ce ba na yi ya koma gefe, in ya ga ba wanda ya kula shi da kansa zai dawo. Yau langar nan har a gasar wasanni ta ƙasa ana yin ta tare da dambe da kokawa, amma ka tara yaran ajina ka ce su yi, da yawa ba su taɓa gani ba.

Mu mata kuma ga carafke da ke koyar da saurin ido da hannu da ƙirga, ga ƴar gala-gala, ga gaɗa da ke buɗe murya da ƙirƙirar baiti nan take, ga tuwon ƙasa, ga bikin ƴar tsana wanda in ka zauna ka kalla za ka ga yara sun kwaikwayi komai na zaman duniya, wannan uwar amarya wannan ƙawa wannan mai guɗa, har da rabon goro na ƙarya da jeren ɗaki da gwangwanaye. Maza su samo kara su fere su haɗa mota har da ƙofa mai buɗewa, ko su lanƙwasa waya su yi mata taya da murfin gwangwani da dogon sitiyari, yaron da ya haɗa wannan da hannunsa ba tare da an nuna masa a allo ba ai ya fara injiniyanci. Da azumi in an kwana goma ga tashe, yara su tsara kayansu da kansu su bi gida-gida su raba abin da suka samu, in an yi rashin adalci a rabon a yi ta shari'a har a daidaita. Da dare kuma kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, ko a yi ƙulin ƙulifita, a nan Hausar yaro ke nuna. Yanzu yaro zai kawo maka sunayen ƴan katun goma amma bai san Gizo da Ƙoƙi ba, ba laifinsa ba ne, lokacin da kakarsa ke zaune a tabarma shi yana kan asaimen.

Abin da ke cikin irin wannan wasan wanda babu shi a kulob ko lesin komai kyansa shi ne ba babba a kansa. A kulob malami ne zai ce a fara, a tsaya, kai ka yi daidai kai ka yi kuskure. Yaron da tun tashinsa har kwanciyarsa wani ne ke gaya masa abin da zai yi, ranar da aka bar shi shi kaɗai sai ya rasa inda zai sa kansa, kuma muna ganin haka, yaro ya gama sakandare da sakamako mai kyau amma a aike shi kasuwa ya kasa ciniki, a yi masa ɗan tsawa ya rikice.

Ta fuskar addini ma da muke fakewa da shi, ba haka aka koya mana ba. Ya tabbata Nana A'isha Allah ya ƙara mata yarda tana wasa da ƴan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba, har ma yakan turo mata ƙawayen su yi wasan. Ƙanin Anas ɗan Malik yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi da kansa yake tsayawa ya tambaye shi labarin tsuntsun. Jikokinsa suna hawa bayansa yana sujada ya tsawaita har su sauka. Imam Gazali a bayaninsa kan tarbiyyar yara ya ce a bar yaro ya yi wasa mai kyau in ya taso daga makaranta ya huta gajiya, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya ya dusashe basirarsa har ya fara neman dabarar guje wa karatun gaba ɗaya. Malamanmu na allo da suka yaye alarammomin da muke alfahari da su ba su taɓa haɗa kwana bakwai suna karatu ba, sun san abin da suke yi.

Likitoci ma abin da suke faɗa ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a kullum na motsa jiki sosai, irin wanda zai yi gumi. Masana barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. A lissafa, yaron da ya kwanta sha ɗaya saboda asaimen aka tashe shi biyar, awa shida ya samu. Sannan a zo ana cewa ba ya ganewa a ƙara masa lesin! Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan tseren sun fara ja da baya. Ƙasar Sin a 2021 ta kafa doka mai tsauri a kan kamfanonin lesin kuɗi, ta hana su koyar da darussan makaranta a ƙarshen mako da lokacin hutu, ta kuma rage yawan aikin gida. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu sai da hukuma ta sa dokar rufe makarantun lesin da ƙarfe goma na dare saboda yadda yara ke kaiwa tsakar dare a can. Majalisar Ɗinkin Duniya a 2024 ta ware 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya, kuma tun 1989 sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ya ce hutu da wasa haƙƙin yaro ne, dokar haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ma ta ambaci haka.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce Malama zamani ya canza, ina dandalin yake? Gaskiya ne. Ba mu manta yaran Kano da aka sace aka gano su a Anaca a 2019 ba, ga ƴan daba ga ƙwacen waya ga shaye-shaye a lungu, uwa ta fi samun kwanciyar hankali in ta san ɗanta yana cikin aji an kulle get. Uwar da ke aiki har yamma kuma lesin ne ke riƙe mata yara. Sannan za su ce in an bar su a gida ai waya za su ɗauka ko su zauna gaban katun har dare, wannan ma gaskiya ne, kuma ni ban kira latsa waya wasa ba, wani zaman bencin ne shi ma. Amma maganin rashin tsaro ai samar da wuri mai tsaro ne. Filayen da muka taso muna gani a unguwanni yawancinsu an yanka an yi shaguna da filaza, makarantun kuɗi da yawa gidan haya ne mai ɗaki huɗu aka mayar makaranta, ko inda yara za su yi tsere babu, ranar wasannin shekara sai an yi hayar fili an ɗinka riguna an karɓi kuɗi, shikenan sai baɗi. Ƴaƴa mata abin ya fi yi musu yawa, don ɗan lokacin da ya rage wanke-wanke ne da shara da rainon ƙani, namiji ko ba komai yakan saci jiki ya buga ƙwallo a layi. Ban manta da ƴan talla da almajirai da ke yawo da kwano ba, su ma an ƙwace musu yarinta ta wata hanyar, wannan wasiƙa ce ta daban in Allah ya kai mu.

Roƙona ga masu makarantun boko da shugabannin islamiyyu na kowace unguwa, dan Allah ku zauna tare ko sau ɗaya a zango, yaran nan fa ɗaya ne kuke rabawa, ku daidaita ta yadda yaro zai samu yini guda a sati ba boko ba islamiyya ba lesin, kuma ƴan nazire da ƴan aji ɗaya zuwa uku a cire musu lesin dole a rage musu asaimen, in malami ya yi aikinsa da safe ya wadatar. A taron iyaye da malamai mu daina tambayar me ya sa ba a ƙara ba, mu fara tambayar minti nawa ake ba su na hutun tara kuma ina suke wasa. Masu unguwanni da dattawa da kwamitin masallaci, filin firamaren gwamnati da ke unguwa a nemi izini a riƙa buɗe shi bayan la'asar ranar Alhamis da Juma'a, dattijo biyu ko uku su sa kujera a bakin ƙofa su sa ido kawai, kar su tsara wa yaran komai, a ware wa mata gefensu. In fili ya gagara, ko layi ne maƙwabta su haɗa kai a hana babura wucewa na awa ɗaya, ko a buɗe tsakar gidan da ya fi faɗi yaran maƙwabta su shigo kamar yadda ake yi da. Iyaye kuma in za a saka yaro wani abu bayan makaranta a zaɓi guda ɗaya wanda shi ma yana so, a tambaye shi, in ya dawo gida da ƙura a ƙafa da datti a riga kar a dake shi, sabulu ne zai wanke.

Kai kuma Malam Edita ina roƙon ka tura wakilinka ya bi yaro ɗaya ɗan firamare da izinin iyayensa tun daga asuba har kwanciya ya rubuto abin da ya gani, sannan ya zaga unguwanni ya tambayi dattawa ina filin da suka yi wasa suna yara kuma me aka gina a wurin yanzu, a buga mana mu karanta. Na gode da wannan dama, Allah ya raya mana zuri'a ya shirya mana su.

Wassalam.

Taku,
Wata uwa kuma malamar islamiyya,
daga Kano.